Ragar da Na Auna da Hannuna

Zuwa ga Malam Na'Allah, mai filin shawara.

Assalamu alaikum. Malam ka taimake ni don girman Allah, na shiga ukku, kuma ba wani yas sa ni ba, ni nis sa kaina. Saura kwana arba'in da biyu a yi bukin mulkin kai, kowa shina murna ana ɗunkin sabbin riguna, ni ko ba ni cikin murnar. Ka yi haƙuri da rubutuna, wata huɗu niy yi ajin Yaƙi da Jahilci nib bari, don in ina aji ba mai iya karatu sabadda dariya. In ka ga baƙi ya kwanta ka tashe shi.

Ba ni hwaɗa maka sunana. Ni dai tsohon soja na, Kohur, na je Indiya na je Bama na komo da ƙahwahuna biyu. Duk ƙasar Illo har Kaoje har Bagudo, in kac ce gajere mai usur, ko akuya ta san ƙohwar gidana. Amma sunan dai ba ni hwaɗi.

Akwai wani wasa da muke ce ma ƙwallon raga, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Mutum shidda nan shidda can, raga tsakiya an ɗaure ta sama ga itace biyu, ana bugun ƙwallo da hannu. Kowane ɓangare taɓi ukku, na ukku ta ƙetare, in ta taɓa ƙasa wajenku an ci ku. Barikin Indiya nik koye shi, kuma ba yabon kai ba, har Turawa suna barin shayi su zo kallona. Wani Manjo yac ce tunda uwatai tah haihe shi bai ga gajeren da ke tashi sama irina ba, wai kamar an zuba ma kwaɗo barkono.

Mai ɗaure muna raga a bariki shi na Saje Malami, Allah shi jiƙan shi, dogo na kamar giginya. Kullum da hannu shike auna ta, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, yadda ake auna ƙyalle kasuwa. Shi kan ce mini, Kohur riƙe wanga, daga ƙasa zuwa bakin raga kamu biyar, ba ƙari ba ragi. Nir riƙe. Shekara goma sha biyar ban mance ba, kamu biyar.

Bara waccan nig ga samarin garinmu ba su da abin yi da marece sai zaman kashe wando da gardamar banza, nic ce bari in koya musu abin duniya. Namadi Basarke, masunci na daga wajen Kaoje, yas saƙa muna raga da zaren koma. Munka kahwa itace biyu bayan kasuwa. Ranar ɗaurewa Arzika tela yaz zo da igiyar awo tai mai lamba, yac ce Kohur ko in auna muku. Niy yi mai dariya gaban jama'a, nic ce shi koma shi auna gindin wando, soja ba shi neman igiyar tela. Nis sa hannuna nig gwada kamu biyar, niy yi ma itacen tsaga da wuƙa, nir rantse duk wanda yag gusa da igiyar daga tsagar ga sai ya yi tsallen kwaɗo daga nan har Kaoje.

Malam kai mai ilimi na, na san ka riga ka gano abin. Ni shekara biyu ban gano ba.

Horo ko na ba su shi irin na bariki. Ana sallame asuba gudu zuwa bakin gulbi a komo. Rana na take mu koma hili, don nic ce wanda yas saba da rana tsaka marece wasa na gare shi. Ba a shan ruwa sai an tashi, soja ba shi shan ruwa cikin hwareti. Wanda yay yi kure tsallen kwaɗo hamsin. Abu guda nik koya musu, duka. A tashi sama a narka ƙwallo ƙasa ta yi ƙara. Tarbe ƙwallo da ɗaga ma ɗan'uwa nic ce aikin raggo na, wanda yaƙ ƙi tashi shi ke tsayawa tarbe. Kowa na da sunan da nir raɗa mai, akwai Kan Tulu, akwai Hannun Ludayi, ana dariya ana wasa, mutane na barin kasuwa su zo kallo. Ni ko usur ga baki, ina yawo kamar na ci garin.

Cikinsu akwai Manu. Ɗan yayata na, Dela, wadda tag goye ni. Ubanai ya rasu tun shina rarrahe, gabana yat tashi, yanzu shekara tai ashirin da biyu. In Manu yat tashi sama yad daki ƙwallo sai ka ji tausayin ƙasa. Ya taɓa hwashe tukunyar mai hura daga hili, matar har yau ba ta gaishe ni. Kuma yaro na wanda in nic ce mai gulbi ya koma gudu yamma, sai shi ce to Kawu, yaushe yaj juya.

Sai kuma Kimba, taubashina, ɗan kawuna. Malamin makaranta na hayin iyaka, ƙasar Dahomi, tahiyar rabin yini. Tun muna ƙanana muke zagin juna, shi ce mini Turmi in ce mai Zalɓe. Shi ma shina da samari masu ƙwallon raga. Da bazara ya aiko mini takarda, wai su za su samu mulkin kai ran ɗaya ga Agusta, in kwaso kwaɗina in kawo a yi wasa, su ko in namu ya zo ran ɗaya ga Oktoba su zo Illo su rama ziyara. Malam, na bi kasuwa rumhwa rumhwa ina hwaɗin za mu ci su har su mance Hwaransanci, za ni komo da Kimba cikin kwando in aje shi bakin kasuwa yara su kalla. Uban ƙasa yas sa muna albarka yah haɗa mu da makaɗi. Mutane sunka bi mu, wasu bisa jakkai wasu bisa keke.

Anka hwara. Ƙwallo ta hwarko Manu yat tashi yan narka, sai cikin raga. Ta biyu cikin raga. Nic ce zahin tahiya na. Kan Tulu yad daka, raga. Hannun Ludayi yad daka, raga. Wadda tat tsallake ko ta yi sama kamar za ta Makka, ta hwaɗi bayan hili. Su ko wasu 'yan sirara na, ba wanda yak kai Manu ƙirji, ba abin da suke sai wanga shi tarbe, wancan shi ɗaga, na ukku shi aje ta inda ba kowa. In sunka bugo muna, mutanena su tsaya suna kallon juna, don ba wanda ke son a ce mai raggo. Sha biyar da biyu. Sha biyar da ɗaya. Sha biyar da ukku. Makaɗinmu yas sa ganga cikin riga. Matan garin na dariya da Dendanci, kuma ina jin Dendanci sarai.

Da anka watse anka tahi cin tuwo, nil laɓaɓa ƙarƙashin ragarsu nim miƙa hannu. Tamu ta gida in na yi ɗage ina taɓa bakinta. Wagga ko sai na yi tsalle. Nig gwada da kamuna, shidda ba kaɗan. Wallahi Malam daɗi yak kama ni, nic ce yau na kama ɓarawo. Nik kira Kimba gehe ina huci. Yat tahi yaɗ ɗauko littahin dokar wasan da igiyar awo ta ƙarhe, yag gwada gabana, yan nuna mini lambar cikin littahin, daidai. Yac ce duk duniya tsawon ke nan, Dahomi da Indiya da Illo. Nic ce ƙarya ta, kamu biyar na, Saje Malami yah hwaɗa mini. Sai yak kama hannuna yad dahwa shi jikin nashi, gwiwa da gwiwa. Nawa bai kai tsakiyar tahin hannunai ba. Shi ko Kimba bai ma kai Saje tsawo ba.

Mutumin ga da yay yi mini dariya ranar aurena, yay yi mini dariya ranar da jaki yak kada ni cikin laka, ranar nan bai yi dariya ba. Yac ce Turmi koma gida ka ɗaga ragarka, ni ba mai ji ga bakina. Amma ran ɗaya ga Oktoba da igiyar awo za ni zo, don doka ta a auna kahin a hwara, kuma ko ban auna ba yarana na da ido.

Ga inda nil lalace. Kan hanyar komowa munka iske rahi ya cika, munka zamna jiran jirgi. Kowa na kallona. Wani dattijo yac ce to Kohur mi yah hwaru. Malam, gaskiya na nan bakina, ina jin ta. Sai bakin yar riga ni. Nic ce mi kuke so shi hwaru, Manu ya share akushi ukku na tuwon shinkahwa kahin wasa, kun taɓa ganin dorina ta tashi sama? Nit tashi nig gwada yadda dorina ke tsalle, ina hura hanci ina jan ciki. Tunda nike ban taɓa ba da dariya irin ta ranar ba, har mai jirgi sai da yas saki gora. Mutane sunka samu inda za su aje haushinsu. Manu ma yay yi 'yar dariya, yas sadda kai.

Sunan yab bi shi. Kwana biyu ba a yi ba yara na bin shi suna Dorina Dorina, har da waƙa. Da sahe Manu yaz zo zaurena yad durƙusa, yac ce Kawu ka gahwarce ni, na kunyata ka gaban Kimba, hwaɗa mini abin da za ni yi in gyara. Allah ya buɗe mini ƙohwa ta biyu ke nan, ba kowa wurin sai ni sai shi. Ka san abin da nic ce? Nic ce shi ɗauki rabin buhun shinkahwa bisa kahwaɗa, tsalle ɗari da sahe ɗari da marece, nauyin shi sauka. Don dai in rabu da idonai. Yac ce to Kawu.

Kwana tara shina yi bayan gida bisa tsandauri. Na goma gwiwar hagu tak kumbura kamar duma. Yanzu shina kwance, wanzami ya yi ƙaho ba ta saɓe ba, ba shi iya durƙuson salla sai zamne. Dela tat tarbe ni ƙohwar gida, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Tac ce Auta, ga shinkahwa na son noman maimai, ga ruwa na tasowa hwadama, ga wanda ke noman kwance, kai da usur ɗinka wa za ku tura? Tac ce in za ni shiga gidanta in bar usur waje. Ban shiga ba, da usur ko ba usur.

Cikin mutum sha biyu huɗu ke zuwa hili yanzu. Sauran sun ce noma, kuma gaskiya ta akwai noma, amma na san tsoro suke kar a sake cin mu in raɗa ma wani sunan da za shi bi shi har kabari. Arzika tela in za shi wuce sai shi tsaya shi dubi raga shi dube ni, shi ce sannu Kohur, shi wuce. Sannun ga ta hi mari ciwo.

To ga ramin da nike ciki. In na ɗaga raga za su ce don mi, sai in hwaɗi, kowa shi san ba tuwo na ba, hannuna na. In ban ɗaga ba Kimba shi zo shi auna gaban uban ƙasa da baƙin Bagudo da na Kaoje, ranar da anka ɗaga sabuwar tuta. Na gwada dabara. Nic ce in riƙa gusa da igiyar yatsa guda kullum ba mai lura. Kwana na biyu Namadi yal lura, masunci ba shi mance ƙullin da yay yi, yam maida ta ga tsaga, yaz zo da murna shina ba ni labari wai wani ɗan iska na taɓa raga, a kama shi a sa shi tsallen kwaɗo zuwa Kaoje yadda nir rantse. Nic ce madalla Namadi, a ci gaba da tsaro. Na yi tunanin in ce gara ta ci itacen. Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya. Na yi tunanin in bi hwatake Gwanja kar in komo.

Abin da ke kashe ni shi na, kullum sai Manu ya aiko a hwaɗa ma Kawu gwiwa na samun sauƙi, za shi tashi kahin ranar, shi wanke mini kunya. Shi wanke mini. Ni da nit tsaya gaban harsashin Japan, zauren yayata ya gagare ni.

Malam, ni ba ni da ɗiya, ba ni da karatu, gonata ba ta kai a hwaɗi ba. Abin da nike da shi garin ga biyu na, ana ce mini Kohur, kuma in na buɗe baki ana dariya. In sunka san na kwanta da ɗan yayata don in ɓoye gajartar hannuna, wa za shi sake dariya? Ko abinci ba ni jin daɗinai. Jiya wani ya ba da labarin ban dariya bakin masallaci, anka juyo ana jiran in ɗora, ban samu komi ba.

Ka hwaɗa mini, akwai hanyar da za a ɗaga raga ba a tona ni ba? Akwai horon da cikin kwana arba'in za shi sa mu ci Dahomi, ko mutane su mance? In babu, ka hwaɗa mini yadda mutum ke shiga zaure irin wancan. Ka yi sauri don Allah.

Naka cikin baƙin ciki,
Gajere Mai Usur, Illo.

*

Kofur, wa alaikumus salam.

Ka ce ba za ka faɗi sunanka ba, sannan ka faɗi na kowa da kowa har da na mai saƙa raga. Jaridar nan tana isa Illo, kuma tela mai igiyar awo ya iya karatu. Saboda haka na aika maka da wannan amsa ta gidan waya tun ranar da wasiƙarka ta iso, na rubuta "Gajere Mai Usur, Illo" a bayan ambulan tunda ka ce ko akuya ta san gidan, na kuma riƙe wasiƙar mako biyu kafin in buga. Na yi haka don ka riga jarida isa wurin Manu. In a jarida kake karanta wannan kuma ba ka je ba, ajiye ta ka tafi, ka ƙarasa karatun in ka dawo.

Tambayarka ta farko amsarta babu. Ta biyu ma babu. Ta uku ce ta kirki, ita zan amsa.

Bari in raba maka abu biyu da ka cakuɗa. Awon raga kuskure ne, kuma ba na kunya ba. An ba ka awo da kamu, ka riƙe shi da aminci shekara goma sha biyar, ba wanda ya ce maka kamun Saje dabam naka dabam. Kai ka kawo wasan garinku, kai ka tashi samari daga zaman banza, ka ba su shekara biyu na ranka ba wanda ya sa ka. Wannan naka ne, ba mai ƙwace shi. Da a bakin rafin nan ka ce jama'a hannuna ne ya gaza, da an yi dariya mako guda an wuce. Abin da ya kwantar da Manu ba awo ba ne, maganar da ka yi ce bayan ka san gaskiya, da buhun da ka ɗora masa don kada ka dubi idonsa. Wannan laifi ne, ka kuma san haka, shi ya sa tuwo ya daina yi maka daɗi. Fushin Dela daidai ne. Samarin da suka janye ma ba su yi rashin hankali ba.

Ga yadda ake shiga zauren. Ka bar usur a gida, ka je da safe, ka roƙi Dela ta zauna ta ji. Ka faɗa wa Manu a taƙaice: ragarmu ce gajera, na sani tun a Dahomi, ba nauyinka ba ne, na ɗora maka don in tsira. Kada ka sa wasa ko ɗaya a ciki, ko da bakinka ya yi ƙaiƙayi. Ka nemi gafararsa da ta uwarsa, kada kuma ka matsa a yafe maka nan take. Yaron da ya yarda da kai haka zai ji ciwon wannan magana fiye da na gwiwa, ka ba shi lokaci. A ranar kuma ku ɗora shi a jaki ku kai shi ɗakin shan magani a duba gwiwar. Ƙaho ba zai yi mata komai ba. Na tambayi wani malamin wasanni a nan, ya ce gwiwar da ta kumbura haka hutu take so, kuma in aka yi gaggawar mai da ita tsalle tana iya lalacewa har abada. Ka cire rai da Manu zai buga ran ɗaya ga Oktoba, ka kuma zama kai ne mai hana shi. Daga nan ka ɗauki fartanya ka shiga fadamar Dela. Maimai ba ya jiran kowa, kuma yayarka za ta fi gane wannan harshen.

Sai jama'a. A gabansu ka raɗa sunan, a gabansu za ka cire shi. Ranar kasuwa ka tara samarinka a fili, ka je da kanka rumfar Arzika ka roƙe shi ya zo da igiyarsa. Tsawon ragar maza ƙafa takwas ne ba ɗan kaɗan, Kimba zai rubuto maka lambar daidai. A auna a gaban kowa, Namadi ya ɗaure a sabon wuri, ka faɗi abin da ka faɗa wa Manu. A nan kam in dariya ta zo ka bar ta ta zo, amma a kanka. Kana tsoron ba wanda zai sake dariya. Ni ina ganin za su yi wadda ba su taɓa yi ba, za su kuma raɗa maka suna, wataƙila Kamu Biyar. Ka amsa shi da fara'a. Yara ba sa rera waƙa biyu lokaci guda, in suka kama taka za su saki ta Dorina.

Game da horo, malamin da na tambaya ya karanta wasiƙarka ya riƙe kai. Ya ce bariki na shirya mutum ya jure wahala, wasa kuwa gwaninta yake nema, kuma manomi da damina ya riga ya sha wahalarsa a gona kafin ya zo wurinka. Ka bar gudun asuba da rana tsaka. Ku taru bayan la'asar, sa'a guda da 'yan mintoci, kwana huɗu a mako, sauran a huta. A ajiye randar ruwa a bakin fili, mai jin ƙishi ya sha. A fara da ɗan gudu da miƙe gaɓoɓi kafin a taɓa ƙwallo. Buhu kuwa a mai da shi rumbu.

Ka ga yadda 'yan sirara suka ci ku: tarbe, ɗagawa, ajiyewa. Abin da ka kira aikin raggo shi ne wasan. Rabin lokacinku ya tafi a tarbe, biyu biyu suna miƙa wa juna, a ƙirga sau nawa za su yi ƙwallo ba ta faɗi ba, gobe a nemi wuce na yau. Kowa ya koyi bugun farko da zai ƙetare raga ya sauka cikin fili, ko ba ƙarfi. Ka zaɓi mai natsuwa guda ya zama mai ɗagawa. Wanda ƙwallo ta nufo ya ce tawa da ƙarfi, don a daina kallon juna. Duka ya zo a ƙarshe, a sabuwar raga, kuma ka gaya musu tun yanzu makon farko duk a raga za ta riƙa faɗawa, ba laifin kowa ba ne. Wanda ya yi kure a nuna masa yadda ake yi ya sake gwadawa, tsallen kwaɗo bai taɓa koya wa hannu komai ba. Yabo a gaban jama'a, gyara a gefe. Sunayen da ka raɗa, ka tambayi masu su, wanda ba ya so a bari.

In gwiwa ta yarda, a kawo wa Manu kujera bakin fili, ka ba shi usur. Ya fi ka sanin inda hannun kowa yake gazawa, kuma garin zai ga wanda ka ɗaukaka. Ka rubuta wa Kimba ka gode masa. Taubashin da ya sami abin tsokana irin wannan ya haɗiye, ɗan'uwa ne na gaske. Ka roƙe shi ya ƙetaro ranar wata Lahadi ya nuna wa samarinka tarbe. Zai zage ka, zai kuma zo.

Ba zan ruɗe ka ba, mai yiwuwa ne ƙwarai Dahomi su sake cin ku. Mako biyar ba ya gyara shekara biyu. Amma in Kimba ya fito da igiyarsa a gaban uban ƙasa ya auna, ya tarar daidai, ka tsaya a gefensa ba abin da kake ɓoyewa, Manu na zaune da usur ana kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Sha biyar da bakwai a wannan raga ya fi duk abin da kuka ci a waccan.

Allah ya ba Manu lafiya, ya sanyaya zuciyar Dela, ya ba ka ƙarfin taka zauren nan. Allah ya kai mu ranar mulkin kai lafiya, ku da baƙinku.

Naka,
Na'Allah.